Ni Na Ɗura Wa Sifeto Da Hannuna

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku faɗa: ni na buɗe mata baki, ni na ɗura mata. Babu wanda ya riƙe min hannu. Yau kwana huɗu ina wanke hannun nan da sabulu, amma har yanzu ƙamshin maganin nake ji a yatsuna. Ku dai saurara ku ji yadda aka yi, in kun gama sai ku raba zagin, ku ba ni rabona, ku ajiye wa mai sauran nasa.

Sifeto mage ce. Babana malamin makaranta ne, shi ya tsinto ta a bayan aji shekara tara da suka wuce, 'yar mitsitsiya cikin kwalin alli. Duk ranar da ya baje takardun jarrabawa zai yi maki, sai ta hau tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa, sannan ta zaɓi ta wanda ya fi kowa faɗuwa ta kwanta a kai. Baba ya ce, "Sifeto ta zo duba aiki." Shi ke nan suna ya bi ta. Ruwan toka ce mai farin ƙirji, kunnenta na hagu a ɗan tsage.

Baba ya rasu bara. Cikin takardunsa akwai katin rigakafinta, kore, a naɗe cikin leda. Kowace shekara da hatimin likita, ga allura, ga maganin tsutsa, ga nauyinta an rubuta. Mako guda kafin ya cika ya kira ni ya ce, "Auta, kada ki bari allurar Sifeto ta wuce." Mutum yana kan gadon mutuwa, wannan ce wasiyyar da ya ba ni, kuma ban ga abin dariya a ciki ba.

To allurar ta wuce da wata biyu. Tsohon likitan da Baba ke kai ta ya rufe ya koma wurin 'ya'yansa, shagon ya zama na sayar da waya. Ni kuma ga aikin shagon buga takardu tun safe har yamma, ga Umma.

"Shekararki ashirin da takwas," in ji Umma kullum. "Sa'o'inki na goyon 'ya'ya, ke kina goyon mage."

A nan Mai Kemis ya shigo. Shi ke kawo wa Umma maganin hawan jini har gida, a nan ya gan ni. Umma tana ce masa Dokta, ni dai Mai Kemis zan kira shi, don ban ga ranar da ya zama likita ba. Mutum ne tsaf-tsaf: farar riga ƙal, agogon azurfa, ga 'yar kwalbar wanke hannu a aljihu da yake fesawa duk ya gaisa da mutum. Kuma kada in yi muku ƙarya, na fara son sa. Kullum ƙarfe bakwai saƙonsa ke tashe ni: "Amaryata ta tashi lafiya?" Sai in tsinci kaina ina murmushi kamar wawuya.

Zuwansa na farko zance, Sifeto ta fito duba aiki. Ta sunsuna takalminsa, ta goga jikinta a baƙin wandonsa, ta wuce abinta. Bai tsawata mata ba. Murmushi ya yi, ya dinga tsince gashin ɗaya-ɗaya yana jerawa a bakin farantin shayi.

"Amaryata, gidana fa ba a shiga da gashi."

Na yi dariya na ce, "Ai kuwa ni da ita ƙafata ƙafarta."

"Allah Ya kai mu," ya ce, ya fesa abin wanke hannunsa.

Shi na fara tambaya ko ya san likitan dabbobi, tunda harkar magani yake.

"Likitan mage? A garin nan?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi ban taɓa ji ba. Mutane ma ba su gama samun likita ba."

Sati uku na yi ina nema. Na je wani shago da aka rubuta Likitan Dabbobi da manyan baƙaƙe, na tarar da buhunan abincin kaji har rufi. Mai shagon ya zaro allura daga cikin gwangwanin madara ya ce in kawo ta, kaza da mage ai duk jini ne. Na ce Allah Ya ba da kasuwa. Na hau mota har wajen gari inda ake duba shanu, mai gadi ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Mage kuma? Hajiya in kin samu saniya ki dawo."

Ashe abin nema na tafe har teburina. Ranar Talata wata mata ta shigo shagonmu, gajera, hannayenta duk tabon yakushi, ta ce a buga mata katin rigakafi guda ɗari biyu. Ina ganin samfurin na kusa faɗowa daga kujera.

"Ke likitar dabbobi ce? Har da mage?"

"Su ne ma suka yi min wannan zanen," ta ce, tana nuna hannunta. Ta ba ni lambarta, ta sa min Asabar ƙarfe goma, ta ce in zo da tsohon katin.

Ranar Juma'a da yamma Sifeto ta dawo tana ɗingishi. Ƙafarta ta gaba ta kumbura, da alama muzurun maƙwabta ne ya cije ta. Jikinta da zafi, ko kifin gwangwani ta ƙi kallo. Na ce ba komai, gobe ai muna wurin likita.

Da safe na shimfiɗa tsohon tawul ɗin Baba a kwando, na saka katin a jaka. Ina fitowa na ga Umma a bakin ƙofa ta sha ado, har da mayafinta na fita unguwa.

"Ina zuwa?"

"Asibitin Sifeto, Umma. Na gaya miki tun Talata."

"Dokta na hanya, zai kai mu mu ga gidan da za ki zauna. Maza ajiye kwandon nan ki sa doguwar rigarki mai ruwan zuma."

"Umma ƙafarta fa..."

"Ƙafar uwarki! Mutum ya rufe kantinsa saboda ke, ke kuma ki tafi yawon mage? Kuma kada ki kuskura ki ɗauko masa zancen asibitin nan, ki ba ni kunya."

Na ajiye kwandon. Na tura wa likita saƙo cewa a ɗaga min zuwa Litinin. Nan take ta amsa: "Lafiya dai magen?" Jama'a, ku ji abin da na rubuta don kunyar dogon bayani. Na rubuta, "Lafiya lau."

Gida kam ya haɗu. Tayil fari tun daga ƙofa har banɗaki, labule masu nauyi, kicin da ko cokali bai taɓa gani ba. Umma sai shafa bango take tana ma sha Allah. A bayan gida akwai keji da manyan karnuka biyu, baƙi da ja, gashinsu sai sheƙi yake.

"Su wa ke duba maka su?" na tambaya.

"Ni mana. Ai magani ɗaya ne da na mutane, awo ne kawai ya bambanta." Ya dube ni. "Yau amaryata ba ta da walwala. Me ya faru?"

Umma ta harare ni, amma na ce, "Sifeto ce ba lafiya. Ƙafarta ta kumbura, ga zazzaɓi."

Na zaci zai yi dariya. Sai na ga fuskarsa ta yi laushi. "Ayya. Shi ne ba ki gaya min ba? Abin da ya dame ki ai ya dame ni."

A hanyar komawa ya tsaya a kantinsa, ya fito da 'yar kwalbar farasitamol na yara, ruwan hoda, da sirinji marar allura. Ya miƙo min ta taga da hannu biyu. Wallahi a lokacin ji na yi duk duniya babu namiji kamarsa.

"Kin gani ko?" in ji Umma. "Kina da likita a gida kina yawon neman wani a titi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Muna isa gida saƙon muryarsa ya shigo, a tausashe: "Amaryata, ki ja maganin har layi na biyar, ki ɗura mata yanzu, ki ƙara bayan magariba. Kada ki kai ta ko'ina, wahalar hanya za ta ƙara mata zazzaɓi."

Lambar likita na cikin wayar da nake riƙe da ita. Tambaya ɗaya ce, layi ɗaya. Ban yi ba.

Na naɗe Sifeto a tawul ɗin Baba, na ɗora ta a cinya. Ba ta yi gardama ba, don ta san hannuna. Da maganin ya taɓa harshenta ta fara kumfa tana kaɗa kai, ni kuma ina lallashi, "Haba Sifeto, haɗiye mana, don lafiyarki ne." Bayan magariba ta ɓuya a ƙarƙashin teburin Baba. Na durƙusa na jawo ta ta ƙafar baya, na ƙara mata.

Lahadi da safe ban gane ta ba. Fuskarta ta kumbura har idanun sun zama 'yan layi, tafukan ƙafafunta huɗu sun yi suntum, yawu na zuba, tana numfashi da baki a buɗe. Na ɗaga leɓenta, dasashin da na sani ja ya koma launin laka. Na kira Mai Kemis sau biyu bai ɗauka ba. Sai ga saƙo: "Alamar magani na aiki ne. Ki ƙara mata."

Har na ɗauki sirinjin. Sifeto ta buɗe 'yan idanun nan ta kalle ni, na yar da shi na kira likita. Ta ce in taho yanzu-yanzu, za ta buɗe min. Umma na ta faɗa daga kicin, ban tsaya ji ba. Da silifas ɗin wanka na fita, mayafi a karkace, Sifeto a hannuna cikin tawul ɗin Baba, na tare tasi.

Asibitin na saman wani shagon faci, sai an hau matakalar ƙarfe. Ɗaki biyu ne: teburin ƙarfe, sikeli, firji na gurnani a lungu. Likita ta ɗaga leɓen Sifeto sau ɗaya ta juyo.

"Me kika ba ta?"

"Farasitamol na yara."

"Inna lillahi. Sau nawa?"

"Biyu. Tun jiya da la'asar."

"Jiya na tambaye ki, kika ce min lafiya lau!" Ba ta sassauta murya ba. "Guba kika ba ta, baiwar Allah. Hantar mage ba ta iya sarrafa wannan maganin, ko rabin ƙwaya kashe ta yake. Ga shi kin ba shi kwana guda yana aiki."

Tana faɗa tana aske mata hannu, ta sa mata ƙarin ruwa, ta kafa mata robar iska a hanci. Ta yagi takarda ta rubuta wani dogon suna.

"Wannan ne makarinsa. Nawa ya ƙare. Na mutane ne amma shi muke ba su, manyan kemis na ajiye shi. Ki yi sauri, ban yi miki alƙawarin komai ba."

Na ce alhamdu lillahi, ai ina da mai kemis. Wannan karon ya ɗauka. Na karanta masa sunan harafi-harafi.

"Akwai," ya ce. "Kwalba uku suka rage."

"Don Allah ka kawo, ko in zo in karɓa."

"Amaryata, ki yi tunani. Maganin mutane ne fa. In aka zo gobe neman sa don ɗan wani, in ce na ba mage?"

"Na jiya da ka ba ni, na waye?"

Sai ya ce, "Wai ina kika kai ta? Ban ce kada ki fita da ita ba? Ki koma gida, hankalin Umma a tashe yake." Ya kashe.

Kemis huɗu na zaga. Biyu a rufe, na uku bai taɓa jin sunan ba, na huɗu a can wani gefen gari na samu. Na hau matakalar nan bibbiyu, kwalba a hannu, ina haki. Ina tura ƙofa na ga an cire robar iskar an rataye. Likita ta lulluɓe ta da tawul ɗin Baba, kunnen nan mai tsagi kaɗai ya leƙo.

"Minti ashirin da suka wuce," ta ce.

Na zube a ƙasa na yi kukan da rabona da shi tun ranar da aka fita da Baba. Ku yi dariya in kun ga dama. Ita ce ta rage a gidanmu da ke zuwa ƙofar ɗakinsa kullum da safe ta zauna tana jira a buɗe.

Likita ta ba ni ruwa, ta zauna kusa da ni a ƙasan. Da na lafa ta ce in ba ta kwalbar farasitamol ɗin ta rubuta a littafinta. Na ciro daga jaka. Ta juya ta, ta tsaya a kan 'yar takardar kantin da ke manne a gindi.

"Saya kika yi a nan?"

"Mai kantin ne ya ba ni. Shi zan aura."

"Mai karnuka biyu? Baƙi da ja?"

"Kin san shi?"

"Shekara uku yana kawo min su." Ta tashi ta jawo littafinta, irin mai shuɗiyar takarda a ƙasa da ke ajiye kwafin duk abin da aka rubuta. "Sati biyu da suka wuce ya kawo su allura. Ya ce matar da zai aura tana da mage da take ji da ita, yana so ya san abubuwan da zai kawar daga gidan don kada ta ci ta cutu. Har yaba masa na yi. Na ce Allah Ya ba mata irinka."

Ta juyo min da shafin. Ga kwanan wata, ga sunayen karnukansa a sama, ga jerin abubuwa bakwai da rubutunta. Na farko shi ne farasitamol, ta ja masa layi biyu a ƙasa, ta rubuta a gefe: ko kaɗan, yana kashewa.

Sati biyu. Lokacin ina can ina shan rana tsakanin mai abincin kaji da mai gadin shanu, shi kuma yana turo min amaryata ta tashi lafiya. Ban yi ihu ba. Na ciro waya na ɗauki hoton shafin, likita ba ta hana ni ba.

A bayan tagar ɗakin Baba na haƙa rami da kaina na binne ta cikin tawul ɗin. Da na shigo wanke hannu na tarar Umma har ta wanke kwanon abincin Sifeto ta ɗora sabulun wanki a ciki.

Na nuna mata hoton. Na kunna mata saƙon muryarsa. Ta saurara har ƙarshe tana tsince ganye a tire, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To sai me?" ta ce. "Ko da gaske ne, mage ce fa, Auta. Ya gaya miki ba ya so, kika tsaya ja da shi. Ubanki ma ya mutu mun haƙura, balle dabba. Wallahi kika kashe auren nan saboda mage, ban yafe miki ba."

"Umma, da hannuna ya sa na kashe ta."

"Ai sai ki gode Allah ba da nasa ba ne, da kin riƙe shi a rai. Tashi ki wanke fuska."

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Na ji labari. Sannu amaryata, rai na Allah ne. Asabar zan kawo yayyena huɗu su gan ki. Ki sa koriyar rigar nan, ta fi yi miki kyau."

Sannan na rubuta masa, "Allah Ya kai mu."

Tun ranar Umma ke yabon hankalina. Na goge kujerun falo tas, ko gashi ɗaya ba za ku samu ba. Na kai koriyar rigar guga. Na ari 'yar lasifikar shagonmu mai haɗuwa da waya, na ce waƙa zan ji. Jiya bayan an tashi daga aiki na tsaya na buga hoton shafin nan a takarda mai kauri, irin wadda muka yi wa likita kati da ita, layi biyun sun fito raɗau. Kwafi shida na yi: huɗu na yayye, ɗaya na Umma, ɗaya nasa.

Jibi Asabar. Na riga na wanke farantin da ya jera gashinta a kai, a cikinsa zan kai musu tare da shayi.